Aron Ludayin Gwaggo Yelwa

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, taubashina Attahiru ya yanke hukuncin cewa duma ya gama zamaninsa. Bai nemi jin ta bakin duman ba. Sakkwato ya je ya ga bokitin roba a wata rumfa, ya ɗaga shi sama ya sake, bokitin ya yi tsalle bai fashe ba. Mai rumfa ya zage shi, shi kuma ya dawo Tambuwal da sabon tunani.

Ƙwarya da ludayi ne sana'arsa tun tasowarsa. A hannun manoman Kebbe da Fakku yake saye, ya ɗoro wa jakuna, kafin a iso Tambuwal hanya ta ci rabonta. Duk wanda ya san hanyar Kebbe ta wancan lokaci ya san ba ta da imani. Ni kuwa akawu ne a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, kuma ni kaɗai ne a danginmu mai Turancin da zai iya tsallake gidan waya ya dawo da amsa. Wannan ne ya ja mini shiga maganar, ba wai don ina da ra'ayi a kan ludayi ba.

Wata ranar kasuwa ya same ni a bakin aiki, ya zauna a bencin marasa lafiya, ya bari sai da aka sallami mai ciwon haƙori.

"Wahabu, luddai nika so in yi wanda ba shi fashewa."

"In ba shi fashewa, wa za ya dawo ya sayi na biyu?"

"Wanda nasa ya ɓace," in ji shi. Ya riga ya yi tunanin wannan a mota.

Da ƙarfe muka fara, don shi ne a kusa. Akwai Maccido maƙerin fari a bayan kasuwa, mai zuba tukwanen dalma a cikin yashi. Attahiru ya kai masa ludayi ɗaya daga rumfa, ya faɗa masa abin da kowa yake faɗa wa mai sana'a a ƙasarmu: kamar wannan sak, kada ka ƙara, kada ka rage. Haka ake ce wa tela, haka ake ce wa magini. Ba wanda yake nufin a bi maganar harafi da harafi. Mai sana'a yakan ce to, ya dubi abin sau ɗaya, ya bar aibinsa, ya ɗauki kyansa, ya ƙara abin da ya ga dama. Maccido ma haka ya yi. Ya dubi ludayin, ya mayar, bayan kwana uku ya fito da na dalma mai ƙyalli, ya miƙar da mariƙin da ya karkace, har da zanen fure da ba wanda ya roƙa.

Muka sayi fura don gwaji. Attahiru ya ajiye ludayin a kan furar kamar yadda ake ajiye na duma, ya zauna a sama yana jiran mai sha. Na dalma bai jira kowa ba, ya nutse. Muka tsaya mu uku muna kallon fura. Can Maccido ya naɗe hannun riga ya lalubo shi, ya ce ai ba a ce masa mai iyo ake so ba.

Daga nan aka koma kan roba, aka kuma koma kaina. Na rubuta wasiƙa uku zuwa kamfanoni uku da na samo adireshinsu a bayan jarida. Na farko, can Ingila, ya aiko da littafi mai santsi da hoton inji, an tsayar da Bature a gefensa don a ga girmansa, Baturen kuma bai kai kafaɗar injin ba. Suka ce yana aiki da wutar lantarki. Tambuwal a lokacin fitilar ƙwai ce iyakar lantarkinmu. Attahiru ya sa na rubuta na tambaya ko za a iya ɗaura masa bel ɗin injin niƙa. Ba su ƙara rubuto mana ba. Kamfani na biyu tun farko bai ga mun isa amsa ba.

Na uku a Kano yake, shi ya yi mana magana irin ta mutane. Suka ce ba sai mun sayi inji ba, suna da nasu. Abin da za mu biya shi ne mazubi: ƙarfe biyu masu kauri da za a sassaƙa siffar ludayi a tsakaninsu, a haɗa su, a narka roba a tura ciki da ƙarfi, ta huce, a buɗe, ludayi ya faɗo. Mazubin ne mai tsada, amma sau ɗaya ake yinsa. Attahiru ya sayar da bijimansa biyu bai yi ko gezau ba. A ƙarshen wasiƙar suka ce mu aiko da samfuri, wanda muke so a yi irinsa.

Kwana biyu yana juya rumfarsa. Wannan bakinsa ya yi faɗi, wannan cikinsa bai da zurfi, wannan mariƙinsa gajere. Mutumin da ya shekara ashirin yana rantse wa mata cewa kowane ludayi a rumfarsa ba shi da na biyu, ranar nan ya kasa samun ko ɗaya. Daga ƙarshe ya faɗi abin da na san zai faɗa.

"Sai na Inna."

Innarsa ita ce Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifina, tana zaune a Kebbe. Ludayinta kuwa ba ƙarya, ban taɓa ganin irinsa ba. Daga duman ƙarshe da mahaifin Attahiru ya shuka kafin rasuwarsa aka fafe shi, shi da kansa ya fafe ya ba ta. Shekara goma sha tara tana shan fura da shi, har ya yi ja, ya yi santsi. Sau ɗaya ya tsage a baki, Bube gyartai ya ɗinke da zare, ɗinki bakwai. A bayan mariƙinsa akwai alamarta, layi uku da ɗigo ɗaya, an ƙona da bakin wuƙa.

Alamar nan sai na yi bayaninta, don ita ce ta zo ta yi mana aiki daga baya. A Kebbe in ana biki ko suna, kowace mace takan kai kwanukanta da ƙorenta aro gidan bikin. In an watse sai tsofaffi su zauna su wanke, su ware, kowane abu ya koma gidan da alamarsa ta nuna. Ba a tambayar na wane ne, alama ake dubawa. Layi uku da ɗigo kuwa ko jaririn Kebbe ya san gidan da yake zuwa.

Muka hau kekuna da sassafe, muka isa rana ta take. Muka same ta a inuwar ɗakinta, idanunta sun fara yana, amma kunne da yatsu lafiya lau. Attahiru ɗan fari ne, saboda haka Gwaggo ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Wasu iyaye sukan sassauta wannan kunya in ɗa ya girma. Gwaggo ba ta sassauta ba. Shekararsa arba'in da ɗaya, in tana da magana da shi sai ta nemi wanda ke kusa, in ba kowa ta gaya wa bango. Ranar nan ni ne bangon.

Bayan gaisuwa Attahiru ya yi bayani, yana kallon ƙasa. Ya yi maganar roba, da Kano, da zamani. Ta bari ya gama.

"Wahabu, tambaye shi, luddan rumfa tai sun ƙare?"

"Ba su ƙare ba, Inna. Naki ya fi kyau."

"Na sani," ta ce da ni. "Mi za su yi da shi can?"

"Dubawa kawai za su yi."

Ta ɗauko ludayin daga kan faifai, ta shafa bakinsa da babban yatsa, tun daga ɗinkin farko har na bakwai.

"Ce mai aro na. Ba kyauta ba. Kasuwa nawa za shi yi?"

"Fuɗu."

"Ce mai na ji fuɗu."

Ta naɗe shi a tsumma da kanta, ta miƙo mini, ni na miƙa masa. A hanyar dawowa a cikin hularsa ya sa shi, bai yarda da aljihu ba.

Ni na rubuta wasiƙar da ta raka ludayin. Attahiru ya ce in gaya musu kamar wannan sak, kada su ƙara, kada su rage. Na zauna na juya maganar zuwa Turanci ba tare da na zubar da ko ɗigo ba, har na ja layi a ƙarƙashinta da jan tawada. Gaskiya na ji daɗin jimlar nan. Na karanta wa malamin asibiti ita sau biyu, ya ce ko Bature Joji iyakar abin da zai rubuta ke nan. Abin da ban rubuta ba shi ne ludayin na aro ne. Ban ga dalili ba. Wa ake gaya wa ya mayar da abin da aka ba shi ya duba?

Kasuwa huɗu ta wuce, ta biyar ta bi ta. Gwaggo ba ta aiko ba. Sai dai maƙwabciyarta Na'iya, da ta zo Tambuwal sayen gishiri, ta biya ta rumfa ta ce Yelwa lafiyarta ƙalau, tana gaishe da Wahabu, kuma a bakin ƙwarya take shan fura yanzu. An kai mata ludayi uku ta ce ta gode, tana da nata, ya je Kano ne. Attahiru ya daina cin abincin kirki. Kullum sai ya bi ta gidan waya, har ma'aikacin ya riƙa girgiza masa kai tun daga nesa.

A kasuwa ta goma sha ɗaya wasiƙa ta zo cewa mazubi ya kammala, mu zo mu gani. Na ɗauki hutu. Muka bi mota zuwa Gusau, muka hau jirgin ƙasa, muka isa Kano da ƙurar gari uku a jikinmu.

Kamfanin wani dogon zaure ne na kwano, ga zafi, ga warin roba. Babban makanikinsu, wani gajeren mutum mai fensir a bayan kunne, ya kai mu gaban injin. Ya yi mana bayani da alfahari: nan ake zuba ƙwayar roba, nan take narkewa, nan ake tura ta. Injin ya yi nishi, ƙarafan biyu suka rabu, ludayi ya faɗo cikin kwando. Ya sake nishi, wani ya faɗo. Launin ruwan ƙwarya, kamar yadda muka nema. Makanikin ya sa aka kawo bokitin ruwa ya jefa ɗaya, ya zauna a sama yana lilo. Attahiru ya yi murmushi, rabonsa da murmushi tun kasuwa ta huɗu.

Sannan ya ɗauki ɗaya ya juya.

Ga tsaga a baki. Ga ɗinki bakwai, kowanne da ƙullinsa, har wurin da hannun Bube ya goce a na biyar. Ya juya bayan mariƙi, ga layi uku da ɗigo. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya tona kwandon har ƙasa, kamar mai fatan a can ƙasa akwai waɗanda suka warke.

"Wa ya ce ku sa ɗinki?"

Makanikin bai yi musu ba. Ya shiga ofis ya fito da wasiƙata, ya ɗora yatsa a kan jan layin. Ya ce mai sassaƙa musu ƙarfe kwana tara ya yi a kan ɗinkin nan kaɗai, da gilashi a ido, kuma bai taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba. Ya ce su ma sun yi mamaki, amma sun ɗauka ado ne na mutanen Sakkwato. Attahiru ya dube ni. Ni kuma na dubi injin, wanda bai daina nishi ba. Dubu biyu aka riga aka buga.

"To, ya wuce," in ji Attahiru. "Ku ba ni nawa."

"Wanne?"

"Wanda anka aiko muku."

Makanikin ya yi ɗan tunani, ya je ya ja wani aljihun tebur, ya tona cikin ƙusoshi da guntayen waya. Ya fito da ludayin Gwaggo a hannu biyu, rabi a dama, rabi a hagu. Sun tsaga shi da zarto tun daga baki har ƙarshen mariƙi, don su auna kaurinsa. An rubuta lambobi da fensir a cikinsa. Ya ce ai haka ake yi wa samfuri, sa'a ma aka yi ba a share shi ba.

Attahiru bai ɗaga murya ba. Ya karɓa, ya haɗa rabin biyu, ya sake su, ya sake haɗawa. Ya ce da makanikin ya gode. Ya cire hula ya sa su a ciki. Daga Kano har Gusau ban ga fuskar tsokana ba, ko da yake haƙƙina ne na taubashi.

Kafin mu je wurin Gwaggo sai da muka nemi Bube gyartai. Ya tsufa, amma yana nan a gindin tsamiyar kasuwar Kebbe da basillarsa. Ya karɓi rabin biyu ya haɗa, ya ɗaga su sama, rana ta ratso ta tsakiya.

"Fashewa nika ɗunkewa," ya ce. "Abin da ya fashe, haƙoranai na nan, suna komawa cikin juna. Wanga zarto ya ci tsakiya tai. Abin da zarto ya ci yana Kano."

Attahiru ya nuna masa na roba. Bube ya daɗe yana dubawa, ya kai yatsa kan ɗinki na biyar.

"Har wanga sunka sa? Ranan nan zazzaɓi nika yi."

A nan ne Attahiru ya kawo shawarar da nake jin kunyarta har yau. Ya ce idon Inna ya yi rauni, launi ɗaya ne, ɗinki yana nan, alama tana nan. Na ce masa ba zai yiwu ba. Ya ce wa ya ja jan layi? Na karɓi ludayin roba, muka naɗe shi a tsummanta.

Muka same ta a inda muka bar ta. Na miƙa mata. Ta kwance tsumman a hankali, ta auna abin a tafin hannu. Ta kai babban yatsa kan baki, ta bi ɗinki daga na farko har na bakwai. Ta juya ta shafa alama. Attahiru ya fara sakin numfashi. Sai ta sa farce a ƙarƙashin ɗinkin farko tana neman zare, ta ƙwanƙwasa cikin ludayin da ɗan yatsa ta kara a kunne.

"Wahabu."

"Na'am, Gwaggo."

"Tambaye shi, ɗunkin ga wa yay yi shi?"

"Bube," in ji Attahiru.

"Bube da zare shika ɗunki."

Ta ajiye shi a gefe, ba da fushi ba, kamar yadda ake ajiye kayan baƙo. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙo, ba wajena ba, ba wajensa ba, tsakaninmu. Attahiru ya cire hula. Ya ɗora mata rabin farko, sannan na biyu. Ta shafa bakin yankan, inda zarto ya bi. Ta haɗa su, suka ƙi zama. Ta ɗora su a cinya ta rufe da gefen zane.

Na yi zaton za ta yi faɗa, na ma so ta yi, don da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni lafiyar iyali, ta tambayi ko an yi ruwa a Tambuwal. Da muka tashi ta ce in gaida gida. Tausayin Attahiru ya kama ni ranar nan, har na kasa kallonsa. Mutum ne babba mai gemu, ya tsaya a ƙofar gidan uwarsa yana juya hula a hannu, bai san ko ya mayar da ita kai ba.

Kasuwanci kuma bai san an yi rashi ba. Kaya suka iso a buhuna. A Tambuwal da farko mata suka ƙi. Kowace ta ɗauka sai ta ce wannan ai gyararre ne, a rage mata. Attahiru ya yi ta bayanin cewa sabo ne, da ɗinkinsa aka haife shi. Suka ce to sabo mai ɗinki ai bai kai sabo marar ɗinki ba. Ya rage. Da aka ga ana taka shi ba ya fashewa, yara suna jifa da shi yana dawowa lafiya, sai ya fara tafiya. Kafin kaka ya shiga ƙauyuka, ya kai Fakku, ya kai Kebbe.

A Kebbe ne alama ta fara aikinta. Aka yi wani suna, mata suka kai kayan aro, cikinsu da ludayin roba goma sha biyu na gidaje goma sha biyu. Da aka watse tsofaffi suka zauna wanki da warewa. Suka juya bayan mariƙi, layi uku da ɗigo. Ba su yi gardama ba, suka haɗa duka aka kai gidan Yelwa. Gwaggo ta shafa bayan kowanne, ta ce nata ne, ta yi godiya.

Masu ludayin sun san nasu ne, da kuɗinsu suka saya. Amma wace ce za ta shiga gidan tsohuwa ta ce a ba ta abin da ke ɗauke da alamar tsohuwar? Wasu suka ƙona tasu alamar a gefe. Tsofaffi suka duba suka ce alamar farko ita ce alama, ta biyu ɓarna ce. Sai matan suka haƙura suka sayi wani, shi ma biki na gaba ya tafi gidan Yelwa. Ta sa Na'iya ta huda mata su ta zura a igiya, ta rataye a ɗaki. Attahiru bai taɓa ciniki irin na shekarar nan ba, bai kuma ƙara zuwa Kebbe ya wuce zaure ba. Yakan aika da goro da gishiri, a dawo a ce ana gaishe da Wahabu.

Ana saura mako biyu Babbar Salla kayansa suka ƙare kakaf. Kamfani ya ce injinsu yana kan aikin takalma, sai bayan Salla. Mata suna zuwa rumfa suna komawa. Ni ne na buɗe baki, kamar yadda na saba buɗe shi inda bai kamata ba, na ce ai akwai wajen ɗari uku rataye a ɗakin Gwaggo, ba abin da suke yi. A karɓo a sayar, in kaya sun zo a mayar mata da sababbi. Ya ce ba zai iya ba. Bayan kwana biyu ya zo ya ce in hau keke. Ina jin ba ludayin ne ya kai shi ba, dalilin wuce zaure yake nema.

Muka same ta a cikin ɗaki da hantsi, tana shan fura. Igiyoyi sun zagaye bango, ludayi a kan ludayi, duk da ɗinki bakwai, iska na ɗan kaɗa su suna ƙwanƙwasar juna. Ita kuwa rabin nata na duma ne a hannunta. Takan karkata shi ta ɗebo abin da bai fi cikin cokali ba, ta kai baki kafin ya zube. Ɗaya rabin yana kan faifai. Furar da take shanyewa kafin a gama gaisuwa, yanzu sai ta kai ta azahar.

Muka gaisa. Attahiru ya zauna a bakin ƙofa, ya yi bayani yana kallon ƙasa: Salla, da kamfani, da takalma. Ya ce ba kyauta yake nema ba, aro ne, kasuwa biyu kacal, a mayar mata da su cif. Na gyara zama ina jiran a ce Wahabu, ce mai.

Ba a ce ba. Gwaggo ta ajiye rabin ludayin a bakin ƙwarya. Ta juya fuskarta daga wajena, a hankali, har ta daidaita da inda muryarsa ta fito.

"Kai," ta ce. "Na taɓa ba ka aron luddai."

Ta ɗauki abinta ta ci gaba da sha.

Muka fito. Ba mu hau kekunan ba, muka tura su har bayan gari. Ina ta neman abin da zan ce in rage masa zafi, ban samu ba, don Turancina ma bai da amfani a nan. Sai da muka kai mashayar shanu ya tsaya, ya jingina keken a cinyarsa, ya share ido da bakin riga.

"Wahabu, ka ji?"

"Na ji."

"Da ni tay yi magana."